Ta'aziyyar da Baba Kofur Ya Rasa Mai Karɓa

A watan nan Kofur Mamman ya cika shekara arba'in da shida da rasuwa a Riyadh. Ba ɗan'uwana ba ne na jini. Ni Bakatsine ne, shi daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, amma duk wanda ya yi zaman baƙunta ya san yadda cin tuwo a kwano ɗaya yake mai da mutane dangi. Lokacin ina ɗalibi a unguwar Malaz, shi kuma yana gadin gidajen da wani kamfanin gine-gine ya sauke injiniyoyinsa, Turawan Ingila. Larabawa suna kiransa haris, mu muna ce masa Baba Kofur.

Shekarun da kuɗin mai ya ɓarke ke nan. Ka wuce fili yau, bayan wata biyu ka tarar bene ya tsaya a wurin. Turawa kuwa sai sauka suke yi. Baba Kofur ya yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashin Ingilishi, daga baya ya zo aikin Hajji bai koma ba, don haka yana ganin ya san Bature ciki da waje. Hukuncinsa a kan waɗannan gajere ne: ba Turawa ba ne, jikokin Turawa ne. Sun tara gashi har wuya, takalminsu bai san goga ba, yaro ya kira shugabansa da sunan yanka, dattijo ya shigo babu mai miƙewa. Ni da ƙuruciyar karatu a kaina nakan tsokane shi da cewa yana kewar mutanen da suka kwashe su zuwa yaƙin da ba nasu ba. Yakan ce ya sani, amma wancan irin in ya tura ka wuta, shi ne a gaba.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mu dariya. Duk sabon Baturen da ya iso, sai ya tambaye shi sunan garinsu da Turancinsa na bariki. Sai da na shekara biyu da shi kafin ya gaya mini dalili. Hafsansu a Bama wani saurayi ne da suke wa laƙabi da Mai Lofe. An harbe shi a bakin wani kogi sa'ad da ya koma janyo wani soja Bahaushe da ya faɗi. A cinyar Baba Kofur ya cika, kuma shi da mutum biyu suka tona masa rami. A tarbiyyar da ya tashi da ita, wanda aka mutu a hannunsa shi zai je gidan mamaci da ƙafarsa, ya zauna, ya faɗi yadda aka rasu da inda aka binne. Shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da sunan mutumin da na garinsu, yana neman wanda zai isar masa da gaisuwa.

Wata rana aka dace, wani matashin injiniya ya ambaci garin. Dokar kamfanin ta hana maigadi ƙwanƙwasa ƙofar Turawa, kuma in aka kai ƙara kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa, ya janye hannu, iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar ta tafi ke nan, ga tsufa, ga babu wurin komawa. Na tuna masa haka. Ya ce zumunta a ƙafa take. Ranar Juma'a bayan la'asar ya sa babbar riga, ya kira ni tafinta, ya kira Malam Isiyaku, wani direban tifa mutumin Maraɗi, domin ba a zuwa ta'aziyya mutum ɗaya.

Saurayin ya buɗe ƙofa da gajeren wando, kiɗa na tashi daga ciki. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, ruɗewa kawai. Muka zauna a dakali, Baba Kofur ya kawo labarin daga farko har ƙarshe. Da ya gama, injiniyan ya ce kamar ya taɓa ganin sunan hafsan a jikin wani dutsen tunawa da sojoji a tsakiyar garinsu, inda suke zama suna yara, amma bai san wanda ke karantawa ba. Mutanen gidan hafsan sun daɗe da watsewa. Yaƙin ma, in ji shi, shirmen tsofaffi ne. Sannan ya zaro takardar riyal ya miƙo, don a zatonsa abin da ya kawo mu ke nan.

Na fassara duka, ban rage komai ba. Baba Kofur bai ko kalli kuɗin ba. Sai ya juyo wurinmu.

"To, ba shi da mai karɓar gaisuwa. Ni ne danginsa ke nan. Isiyaku, ku yi mini."

Malam Isiyaku ya gyara zama ya ce, "Baba, ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki," in ji shi, kuma a nan na fara ganin hawayensa. Injiniyan bai kai ƙara ba, wannan kam na ba shi.

Yau ina jin mutanenmu suna ta magana a kan lalacewar Turawa, cewa sun watsar da aure da ibada da girmama waɗanda suka mutu dominsu. Da Baba Kofur yana nan zai gyaɗa kai, don shi ya riga kowa faɗa. Amma ban tsammanin zai daɗe a kan Turawa ba. Zai ga yadda muke aika ta'aziyya a waya, layi ɗaya da wani ya rubuta, mu tura wa gida goma. Zai tambayi jikokinmu ko sun san kakanninsu sun je Bama. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni ma ina da nawa tudun. Ina wurin da ya cika a asibiti, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, irin na can da ba a rubuta suna. Da na dawo gida sai aiki da aure suka sha kaina, na yi shekara goma sha ɗaya ina cewa sai bayan salla. Ranar da na isa ƙauyensu, dattawan da ke ƙofar gidan dagaci suka yi ta tambayar juna wane Mamman. Ɗaya ne ya tuna wani da ya tafi soja, ya ce 'ya'yan ƙanensa sun koma kudu tun tuni. Suka ba ni ruwa, suka yi mini sannu da hanya.

Abin da ya rage na Baba Kofur bai fi haka ba: labarin nan, da kunyar da nake ji duk sa'ad da na ba da shi. A tasha, ina jiran mota, na juya don in yi abin da ya yi, in ce a yi mini gaisuwar. Sai a lokacin na tuna ni kaɗai na je.