Tambayar Babana

Babana malamin dabbobi ne. Aiki ya kawo mu Shagari daga ƙasar Zuru tun ina firamare, muka zauna a gidan haya kusa da kasuwa. Mu Kirista ne, a unguwar kuwa babu wasu sai mu. Ran Lahadi yakan goya ni da Mama a babur zuwa Bodinga, inda muke sujada a wani ɗaki mai rufin kwano tare da 'yan ma'aikata baƙi.

Kafin a haife ni Baba mashayi ne. Ya tuba ya bar burkutu, amma ita ba ta bar shi ba. Wani lokaci muna cin abinci sai ya tsaya da loma a hannu, ya ce warinta yake ji, alhali a duk garin babu mai dafa ta. Sai ya tashi ya yi ta zagaya tsakar gida, zufa na karyo masa. Mama kuwa ruwan randa kawai take ɗebo masa.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan yadda Iblis ya jarabci Almasihu a jeji, ya same shi da yunwa ya ce masa ya mai da duwatsu burodi. Ya ce Allah ya zama mutum, ya ji yunwa da gajiya irin tamu, aka gwada shi ta kowace hanya, bai yi zunubi ba. Da aka tashi Baba ya tare shi a bakin ƙofa, ina tsaye a gefe.

"Fasto, in Allah ne shi, ai ba zai iya faɗuwa ba. To wanda ba zai iya faɗuwa ba, ina jarabar take?"

Fasto ya ce, "Malam, mu da kaya sun yi mana nauyi sai mu yar a hanya. Shi ya kai su har ƙarshe. Wa ya fi sanin nauyinsu?"

Baba ya ce, "Na ji. Amma ni so nake in san ko ransa ya so burodin nan. Ko yawunsa ya tsinke."

Fasto ya ce ya so, tunda yunwar ta gaske ce. Baba ya gyaɗa kai, ya tayar da babur muka kama hanyar gida.

Yana da wani aboki, dattijon makiyayi a wajen Kajiji, wanda yake duba wa shanu. Na taɓa jin su a zaurenmu a kan maganar. Dattijon ya ce, "Mu wurinmu annabawa tsararru na, Shaiɗan bai da hanya gare su. Mi ad damuwarka, malam?" Baba ya ce shi wanda aka tsare bai ishe shi ba, wanda aka bari a rana kamarsa yake nema. Dattijon ya ce Allah shi sawwaƙe, suka koma zancen ciwon ƙafa da ya shiga garke.

Ina aji uku na sakandare ƙanen Baba ya rasu, ya tafi gida ƙasar Zuru makoki shi kaɗai. A can kuwa burkutu a tukwane ake ajiye ta ranar makoki. Da zai dawo, da la'asar, babur ɗinsa ya sauka daga titi kafin ya shigo Shagari. Wasu manoman albasa suka ɗauko shi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Hanyar shimfiɗe take a wurin, babu rami, babu motar da ta buge shi.

Aka kawo mana kayansa a leda. Gida cike da maƙwabta masu gaisuwa, Mama ta zaro rigarsa, ta kai ta hancinta, ta juya mana baya. Sannan ta ɗebi ruwa ta tsuguna a bayan ɗaki ta wanke ta da sabulu, ta sake wankewa, ta shanya. Babu wanda ta bari ya taɓa.

Yanzu ta tsufa, tana wurina a Sakkwato. Sau da yawa in ina tsefe mata kai bakina yakan buɗe da zancen warin rigar nan, sai in tambaye ta ko in sa mata mai.