Mun Kai Kwanonin Inna Wurin Leza

Runka

Ana idar da sallar asuba muka hau akori-kura, ni da Baffa Jauro, ƙanen babana, da buhun kwanonin silba na Inna. A cikinsu take sayar da nono, kuma duk ranar kasuwa sai an musanya mata da tsofaffi. Ta aike mu Katsina a rubuta sunanta da leza, injin da ke zane a jikin ƙarfe da haske. Ramukan hanya sun sa kwanonin kiɗa har wani bunsuru ya fara rawa.

Batsari

A shinge wani jami'i ya leƙa buhun.

"Biki za a yi?"

"Asibiti za mu kai su, ranka ya daɗe," in ji ni. Baffa ya taka min ƙafa. Muka ci ƙosai, muka shiga bas.

Katsina

Mai injin, Malam Sagir, ya gwada mana a guntun ƙarfe. Da ya rage ƙarfin hasken ya ƙara gudu, rubutu ya fito baƙi, sumul. Da ya ƙara ƙarfi, ya rage gudu, ya maimaita, wurin ya yi kaushi kamar dugadugin Baffa.

Baffa ya shafa. "Wannan nake so. A cikin kwanon. Ko a jikin saniya, shaidar da hannu bai ji ba, ɓacewa take yi."

Malam Sagir ya ce, "Baba, kwano ba saniya ba ne. Nono zai maƙale a kaushin, tsatsa ta biyo, gobe ya yi tsami tun kafin kasuwa."

Baffa ya kafe. Na tuna fuskar Inna, na ce a yi ɗaya irin nasa, in ya yi kyau a bi sauran. Yana fita alwala, na roƙi Malam Sagir ya zuba wa sauran rubutu sumul, a bayan kwanonin.

Gida

Mun iso kafin magariba, don ba a kai duhu a hanyarmu. Inna ta shafa kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan mai kaushin ta tsaya.

"Wa ya karce min kwano?"

"Shaida ce," in ji Baffa.

"To na ba ka. A ciki za ka sha fura, kai za ka wanke."

Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Baffa yana bayan rumbu da tsinke, yana sakace sunan Inna.