Baba Lamidi ya tafi bai saita mini kuloci ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko da safen nan aka kira ni, wai Baba Lamidi ya rasu. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Na ce ƙarya ne. Jiya-jiyan nan fa muna tare har la'asar.

Ga wanda bai san shi ba, bakanike ne a Sabon Gari, Bayarabe haifaffen nan, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Ni kuma Sabo ne mai tasi, Samaru zuwa Sabon Gari, wanda aka yanke wa ƙafar hagu bayan hatsari. Ƙafar taka kuloci kenan. Motata manuwal ce, ba ni da halin canza ta. Wata takwas na yi a zaune a gida a Bomo ina kallonta, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Duk garejin da na je, maganar ɗaya ce: ka yi haƙuri ka sayar. Baba kaɗai ne ya zagaya motar, ya dube ni, ya ce, "Ƙafa ce ta tafi, kai kana nan. Kawo ta."

Wata na'ura ya haɗa mini, da ɗan maɓalli a kan giya. Da na taɓa sai ta taka kuloci da kanta, in na ɗauke hannu ta saki a hankali. Ranar da na fara ɗaukar fasinja, wallahi kuka na yi a kan sitiyari, wata baiwar Allah a baya tana ta tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Tun ran farko ya ja mini kunne. Ya ce ƙafar mutum tana ji in filet ɗin kuloci ya ɗau zafi, na'ura kuwa abin da aka saita mata kawai ta sani. In na bi ta da kyau filet zai ma fi daɗewa, don ita ba ta gajiya, ba ta fushi. Amma in na bar hannu a kan giya, ko na riƙa jan jiki a gosulo, ko na riƙe mota a hawa da totur maimakon birki, cinye shi za ta yi kamar gara.

To ni shekara ashirin hannuna a kan giya yake zama. In muna tafiya sai in ji ɗas a bayan hannu: "Sabo, comot hand!" Wato in cire hannu. Har soson ƙarfe ya taɓa ɗaura mini a wurin don ya riƙa sukata. Kwana biyu na kwance shi. Taurin kai dai.

Kuma duk sanda filet ya ci, sai an sake saiti, don inda yake kamawa ya gusa. Da kunne yake yi. Ya zauna a gefena da ɗan sukundireba, ina tuƙi yana saurare yana murɗawa.

Sau uku yana kirana in kawo motar a saita, ina cewa Baba ɗaliban jami'a sun dawo, akwai fasinja, bari satin nan ya wuce. Ran Litinin filet ya ƙone mini a hawan Kwangila, mota cike da mutane, ƙauri ya cika ko'ina. Da kansa ya zo ya ja ni. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya ya gama sa sabon filet. Ya miƙo mini kunun zaƙi, ya ce, "Saura saiti. Gobe da safe ka zo mu zagaya in ji ta. Kada ka bar kowa ya taɓa wayoyin nan."

Goben kenan yau.

Allah ya yafe mini, ko binne shi ba a yi ba ina tunanin mota. Na ji kunyar kaina. Amma jama'a, da motar nan nake ciyar da mutum shida, kuma ita ce ƙafata. Tun ɗazu na kira bakanike uku, kowa ya ce a cire abin a mayar da ita yadda take. In taka da me? In aka ja ta ba saiti, sabon ma ƙonewa zai yi. Don girman Allah, wanda ya san mai irin wannan aiki, ko a Kaduna ko a Kano, ya yi mini magana. Ba zan iya komawa wancan zaman gida ba, wallahi ba zan iya ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Lamidi, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya ɗaga ni a ƙasa, ka ɗaga shi ranar da ba mai ɗaga wani. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko bai san shi ba. Ni ma ku sa ni a ciki.

Jana'iza ƙarfe biyu ce a Dogarawa. Wanda zai bi ta Bomo, don Allah ya tsaya ya ɗauke ni. Ina bakin titi da sanduna.