Filin da Mama Ta Share wa Mota

Asabar ɗin farko bayan babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Mama ta tashe mu da sassafe ta miƙa mana fartanya. A gidanmu na Kubwa akwai ɗan lambu a bakin ƙofa, kuɓewa da alayyafo da yakuwa, ni nake ba su ruwa kafin in tafi makaranta. Ranar ta sa muka tuge su kaf, ina kuka tana dariya. Za a naɗa sabon manaja a kamfanin da take aiki a cikin gari, kuma manaja mota ake ba shi. "Ina za mu ajiye ta, a kan kuɓewa?" in ji ta.

Ba zaƙewa ta yi ba, kowa ya san ita ce ke riƙe da ofishin. Har gida wani sabon ma'aikaci, Danladi, yake biyo ta da takardu tana koya masa aiki, ya share kwanon tuwonmu ya nemi ƙari. To, shi aka naɗa. Aka ce mai iyali ne, sai ka ce mu huɗun nan tsintar mu aka yi a hanya. Duk safiya muna tsaye a layin bas zai wuce a motar, ya danna hon, ya ɗaga hannu: "Madam, ina kwana!" Mama ta amsa da fara'a, ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

Lambun bai dawo ba. Duk Asabar sai mun nome filin mun share, ko langa ba a yarda mu yi a wurin ba. Sau biyu kuma aka sake naɗi kafin ta yi ritaya, duka maza, duka ita ta koya musu.

Yau shekarata shida ina mataimakiyar darakta a wani kamfani, albashina bai kai na wanda na horar ba, kuma jibi za a sanar da sabon darakta. Na kasa zama, na ɗauki motar da na saya da gumina na tafi Kubwa. Ina shirin shiga filin, Mama ta fito da tsintsiya ta tare ni.

"Ajiye ta a waje, 'yar nan. Wannan ba ta ofis ba ce."

Na yi baya da motar, raina a jagule. Ashe duk shekarun nan ba ta daina jira ba, ni ta miƙa wa jiran.