Ƙwallon da Kawu Ya Mayar

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa mai ɓawo da aka gasa da gishiri, ba tashar mota nake tunawa ba kamar sauran jama'a. Kawuna nake tunawa, sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ina firamare aka ce in raka kakata Amurka a dogon hutu, ta je ganin ɗanta, wato kawuna, da ke garin Greensboro. Kafin mu bar Maraɗi na cika wa 'yan ajinmu baki cewa zan dawo da abin da babu irinsa a kasuwarmu. Hutu ya zo ƙarshe, abin da na tara riguna ne da takalma, waɗanda kowane mai gwanjo yake da 'yan'uwansu a rataye.

Kawu yana haya ne a bayan High Point Road, kusa da shagon da ake sayen gero da daddawa. Mutum ne mai sallah da zumunci, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Wata Lahadi aka ba shi tikitin wasan besbol a wurin aiki, ya kwashe mu da ni da kaka da ɗansa haifaffen can, muka nufi sabon filin da ke tsakiyar gari. A hanya ya yi ta bayyana mana dokokin wasan. Daga baya na gane ranar ce shi ma ya fara shiga.

Zafin ranar irin mai ɗanko ne, riga tana manne wa baya. Ciyawar filin kuwa kore shar, an aske ta layi-layi kamar kan ango. Kaka ta daɗe tana kallon ƙarti cikin fararen wanduna suna tsaye suna jiran mutum ɗaya ya daki abu da kulki, sannan ta ce, "Yanzu waɗannan duk an sallame su daga gona?" Gyaɗar da ake sayarwa a filin kawai ta yaba.

Can sai aka ji ƙwas! Ƙwallon ya kauce, ya yi sama, ya juyo wajenmu. Ya bugi ƙarfen bene, ya yi tsalle, ya faɗo a tafin hannuna. Ka san yadda abu yake zama naka tun kafin ka gama ganinsa? Fari ne mai jan ɗinki, ga shafar jar ƙasa a gefe guda, da ɗuminsa. Mutanen da ke kewaye suka hau tafi. Wani tsoho Bature ya dafa kafaɗata yana dariya. A raina har na shiga aji na ɗora shi a kan tebur.

Abin da ban sani ba, wanda ɗan kawu ya sani tun yana rarrafe, shi ne a wannan wasa ƙwallon da ya faɗo cikin 'yan kallo ya zama na wanda ya cafe. Abin da kawu ya sani kuma shi ne na filin unguwarmu, inda in ƙwallo ya fita sai a mayar wa masu shi.

Ya fizge shi daga hannuna. "Kayan mutane ne. So kake a ce baƙi sun zo sun yi sata?"

Ɗansa ya yi ihu da Turanci yana roƙonsa ya bari. Ina! Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya wurga shi cikin fili da ƙarfin mutumin da ke kare mutuncin ƙasa guda. Jama'a suka yi wani dogon nishi. Wani ma'aikacin filin ya tsince shi, ya juya, ya miƙa wa wata yarinya mai jan gashi a layin gaba. Ina kallo ta sa shi a baki.

Da aka fahimtar da kawu, bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi ai gwada tarbiyyata yake. Kaka ta dube shi, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Na koma Maraɗi da riguna, 'yan ajinmu suka yi ta tambayata a wace rumfa na saya.

Yanzu kaka ta rasu, ni ma ina da nawa ajin da nake koyarwa, har titin nan na High Point Road an ce an sake masa suna. Bara kawu ya zo gida da furfura da sanda. Bayan masu zuwa gaishe shi sun watse ya kira ni gefe, ya zaro abu daga aljihu yana murmushi. Ƙwallon besbol ne sabo fil daga kanti, babu ƙasa, babu tabo, ba wanda ya taɓa dukansa.

Na karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mana, na yi godiya. Sannan na miƙe, na gyara hula, na wurga shi ta kan katanga cikin gidan maƙwabta.

"Kayan mutane ne, Kawu," na ce.

Na jira in ji tausayinsa ya kama ni. Har yau ina jira.