Gardamar Ko Ta Dawo

Ina sanar da duk wanda abin ya shafa cewa gardamar da aka fara a wata sakandare a Bahri, tsallaken kogi daga Khartum, kan ko wata budurwar Ingila ta koma wurin masoyinta ko ba ta koma ba, an rufe ta ranar Talatar da ta wuce. Ba sulhu aka yi ba, ba kuma wani ne ya ci ba. Ɗaya daga cikin masu gardamar ne ya rasu.

Ina zaune wurin mai shayi a bakin titinmu a Umdurman waya ta yi ƙara. Safiya ce, babbar 'yar abokina Bashir. Ta fara da Larabci ta ƙarasa da Hausa: "Baffa, Baba ya cika. Yanzu za a kai shi." Na yi salati, na ce to. Na shanye shayin har ƙasa, na miƙa kofin, na tsaya ina kallon rakshoshi, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, suna wucewa. Har yau ina jiran maganar ta shige ni.

Tare muka tashi da Bashir a unguwar Alhilla Kuku ta Bahri, benci ɗaya muke zama a aji. A shekararmu ta biyu aka ɗora mana wani tsohon littafin soyayya na Turanci, irin wanda mutanensa ba su da sana'a sai yawo cikin ruwan sama da ɓoye abin da ke ransu. Kwafi ɗaya aka ba mu mu uku, ya sha hannu kafin ya iso gare mu, shafukan ƙarshe duk sun tafi. Bashir ya rantse ya gan su da idonsa a ƙofar makaranta, mai ta'amiya ya naɗe wa wani ƙosansa a ciki. Namu ya tsaya ne daidai inda budurwar ta yi fushi da masoyinta, ta hau keken doki ta bar garin. Kafin malamin ya kai mu ƙarshe ambaliya ta rufe makarantar, a jarrabawa kuma muka tsallake tambayar kamar kwata.

Bashir ya ce ta dawo. Ni na ce ba ta dawo ba, kuma ina da hujja.

"Ya zol, mutumina, dubi kakanninmu," na ce masa. "Sun baro Kano da Sakkwato a ƙasa za su Makka, suka ce a riƙa share musu ɗaki. Ga mu nan jikokinsu muna rigimar kujera a motar hayar unguwar Haj Yusuf. Wa ya koma?"

Ya ce, "Ba su fasa ba. Latti suka yi."

Daga baya na zama malamin tarihi, na tara littattafai har matata ta fara kiran su kishiyoyin bango, don sun hana ta rataya komai. Samun cikakken kwafi ba wuya ba ne a gare ni. Amma Bashir ya kafa doka tun muna samari, wanda ya leƙa ƙarshen ya faɗi. Na kiyaye, shi ma ya kiyaye. Muka yi gardamar a ɗaurin aure, muka yi ta a suna, muka yi ta da tsinken agashe a hannu, har gashinmu ya yi fari.

Takalma yake sayarwa a Kasuwar Libiya. Kowane ɗan kasuwa ya san in mai saye ya ce "zan dawo", sallama ce ya yi. Ban da Bashir. Yana da kanta guda a bayan shago inda yake ajiye takalman waɗanda suka ce za su dawo, yana kaɗe musu ƙura kowace safiya. Na sha yi masa dariya, ina kiran kantar maƙabartar alkawari. Amsarsa ɗaya ce: "Ustaz, wanda ya ce zai dawo, kada ka zama kai ne farkon mai ƙaryata shi."

Da yaƙi ya zo, unguwarsu a Bahri ta watse. Ya tura matarsa Hajja Maryam da yara Kasala, shi ya zauna. Maƙwabta suka bar masa makullansu. Yakan zaga gidajen ya duba ƙofofi, ya zuba wa lemun tsamin wani ruwan da shi kansa da ƙyar yake samu. Ciwon suga na cinsa, magani ya yanke, bai faɗa wa kowa ba. Ni kuwa na kwashi iyalina muka yi Gadarif. Ran da na samu layinsa na ce masa na gama da Khartum, ko gawata kada a kawo. Na ƙara da cewa ga ƙarshen littafin nan ya gani da idonsa.

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai dai kana son rufe littafi tun mai shi bai gama ba."

Watanni kaɗan da suka wuce na dawo Umdurman. Ban gaya masa ba, don na san abin da zai ce. Labari ya riga ni haye kogi. Ya kira ni.

"An ce an ga wani mai kama da kai a layin burodi."

"Kaya na zo ɗauka."

"To ɗauka a hankali, kada ka ji ciwo. In ka gama ka haye gada ka zo ka faɗa da bakinka, a gaban shaidu. Zan sa a dafa waken ful."

Na ce sai mota ta yi sauƙi. Na ce sai zafi ya ragu. Ranar Talata na haye gadar, ko da na isa an dawo daga maƙabarta.

A rumfar gaisuwa na ɗaga hannu muka karanta Fatiha da mutanen da ya tsare wa gidaje. Da yawansu sun koma cikin ɗakunansu, waɗansu ba rufi, waɗansu ba ƙofa. Na zauna aka ba ni ruwa na sha. Da jama'a ta ragu Safiya, wadda ita ma ta dawo daga Kasala, ta zo ta durƙusa gefena. Ashe su ma an ba su littafin a makaranta, nasu cikakke, uban ya hana ta buɗe baki duk shekarun nan.

"Baffa, in faɗa maka?"

Na ce ta bari. Dokar ba ta ce mutuwa ta ɗage ta ba.

Allah Ya jiƙan Bashir, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ruwan da ya zuba wa itatuwan mutane ya zame masa inuwa ranar da babu wata. Allah Ya ba Hajja Maryam da Safiya da ƙannenta haƙuri, Ya tsare su, Ya maido da sauran mutanen unguwa gidajensu lafiya. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Budurwar Ingila ban san yadda ta ƙare ba. Amma tun da shaidu yake so, ga ku nan masu karatu. Ba kaya na zo ɗauka ba, Bashir. Dawowa na yi. Kai ne da gaskiya.