Takardar Takwarata

Mu biyu ne masu suna ɗaya a gidanmu na Diffa, ni da 'yar ƙanen babana. Sunan kakarmu aka sa mana duka. Ni a gari aka haife ni, ita kuma a Chétimari, inda mahaifinta yake noman tattasai a bakin Komadugu. Da ya rasu tana da shekara bakwai, Baba ya ɗauko ta, ya kai mu makaranta rana ɗaya, ya ce a rubuta mu duka da sunansa. Tun daga nan takardunmu suka zama iri ɗaya sak, in ba wurin haihuwa ba. Baba ba ya faɗin sunan mahaifiyarsa, don haka yake kirana Uwata ta gari, ita kuma Uwata ta lambu. Mu kuwa takwara muke ce wa juna.

Tare muka gama lise, wato babbar sakandare, tare muka ci bak, jarrabawar fita, muka kuma cike takardar neman jami'a a Yamai, fanni ɗaya. Ni ce mai surutun Yamai. Ban taɓa wuce Mainé-Soroa ba, amma littattafan soyayya da 'yan kasuwa suke kawowa daga hayin kogi sun riga sun gina mini birnin a kai. Ina ganin kaina da littattafai rungume a ƙirji, ga wani mai tabarau ya tsaya yana tambayata hanyar laburare. In na fara, sai takwarata ta ci gaba da tsince shinkafa tana murmushi.

Baba ɗan kasuwar tattasai ne, ajami kawai yake karantawa, amma yana da doka a kan takardar hukuma. Ba a buɗe ta a tsaye, ba a buɗe ta a ɓoye. Sai bayan la'asar, an shimfiɗa tabarma, kowa ya zauna, ya yi addu'a, sannan ya miƙa wa mai ita ta karanta ta fassara.

Ran wata Laraba maƙwabcinmu malamin makaranta ya kawo ambulan daga akwatinsa na gidan waya. Ɗaya ce tak. Inna ta ajiye ta a kan kwalla, muka wuni muna zagaya ta kamar tukunya mai zafi.

Bayan la'asar Baba ya shafa addu'a, ya dube mu, ya yi dariya.

"To, iyayena, ta wa ce a cikinku?"

"Ba wa mai surutun mana," in ji Inna. "Ta cika mana kunne da Yamai tun bara."

Ya miƙo mini. Na yage bakin ambulan. An karɓa. Na ga sunana, na ga sunan Baba, sai idona ya sauka layi na gaba, inda aka rubuta wurin haihuwa. Chétimari.

Har yau ina iya tuna tsawon wannan shirun. Bai fi numfashi biyu ba. Baba ya karkato kunne, Inna ta riga ta kai hannu ga hancinta. Na karanta sunan, na tsallake layin, na ce, "An karɓe ni."

Inna ta rangaɗa guɗa har awakin maƙwabta suka firgita. Mata suka fara shigowa. Baba ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarama. Can cikin hayaniyar takwarata ta matso.

"Takwara, ba ni in taɓa, ko na samu albarka."

Na ba ta. Ta duba ta daga sama har ƙasa, a natse, yadda take karanta komai. Sai ta ninke ta a kan tsohon ninkinta, ta mayar mini, ta ce, "Allah ya sa alheri." Ta tashi ta ɗora ruwan shayin baƙi. Na ce wa kaina ba ta lura ba.

Na kuma ce wa kaina tawa tana hanya, gobe ko jibi za ta iso, sai in ce an yi musanya, a yi dariya. Kullum da hantsi sai in leƙa gidan malamin. Ranar farko ya ce babu. Rana ta uku tun daga nesa ya girgiza mini kai.

A kwanakin nan an yi da ni kamar amarya. Inna ta hana ni daka. 'Yan uwa daga kwarin Komadugu suka aiko da dabino da garin tattasai, wai na Yamai ba ya da ƙamshi. Takwarata ce ta wanke mini kaya, ta goge su da dutsen guga, ta jera a akwati. Ina zaune a bakin gado da littafi a hannu, shafi ɗaya nake kallo. A littattafan nan nakan tsani wadda take cin amana, in ɗaga shafi da sauri don in ga ranar da za a tona ta. Ban taɓa karanta inda take zaune tana kallon ana ninke mata zane ba.

Takardar ta ba da wa'adi, kuma tafiyar kwana biyu ce. Ranar Litinin Baba ya ce gobe zai je tasha ya kama mini wuri. Ya idar da la'asar yana kan buzu na durƙusa.

"Baba, akwai layin da ban karanta ba."

Na karanta masa. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kwana biyar?" Na ce i. Ya kira takwarata, ya karɓi takardar daga hannuna ya sa a nata, ya yi mata addu'a. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi. Ba ta yi guɗa ba. Da wane baki, bayan duk unguwa ta zo ta yi mini barka? An juye kayana daga akwatin, aka zuba nata. Bai ko cika ba.

Ni na raka ta tasha, ina ɗauke da buhun garin tattasan da aka aiko da sunana. Ana ɗaure kaya a saman mota na ce, "Takwara, ki yafe mini."

"Ai na gani tun ranar," ta ce.

"Kin gani? To me ya hana ki magana?"

"Jira nake in ga ko za ki faɗa."

"In da ban faɗa ba fa?"

Ta gyara gyalenta, tana kallon masu ɗaurin kaya.

"Da na yi shiru. Shekara goma sha uku nake cin tuwon gidanku. A gaban Inna zan tashi in ce takardar 'yarta tawa ce?"

Direba ya yi ham. Ta hau, ta sami wuri a gefen taga, ta miƙo hannu na ba ta buhun.

Tawa takardar ba ta zo ba. Shekara ta gaba na tafi makarantar horon malamai a Damagaram. Takwarata ta yi karatunta ta gama, muna zumunci har yau, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ce nake komawa tashar nan a raina, ina sake yi mata tambayar, ko za ta ba ni wata amsa daban.